Kwana Biyu A Gonakin Inabi Na Ƙasar Kef

Duk wanda aikin gwamnati ko fatauci ya taɓa kai shi birnin Kef Tawun, can ƙurewar kudancin Afirka, ya san da wuya a sallame shi ba a gayyace shi yawon gonakin inabi ba. Al'adar masu masauki ce a can. In an tashi taro, ko an ƙulla ciniki, sai a keɓe ranar ƙarshe a ɗebi baƙi a mota a fita da su bayan gari, su ga duwatsu da ƙoramu, su ci abinci, su kuma ɗanɗana giyar da ake matsa a wurin. A wurinsu wannan ita ce iyakar karramawa, kamar dai yadda mu kan yanka wa baƙo rago. To, Musulmi in ya ƙi zuwa, masu gida su ga kamar ya raina alherinsu, in kuwa ya bi ayari ido rufe, sai ya tarar da kansa zaune a inda shari'a ba ta yardar masa ya zauna ba. Mu dai mun amsa gayyatar, amma bisa sharaɗi biyu da muka faɗa tun kafin a ta da mota: ba za mu shiga ɗakin ɗanɗano ba, kuma za a tsaya mana a waɗansu wurare da ba sa cikin takardar yawon. Masu masaukinmu, Allah ya saka musu, ba su ja da mu ba.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa lokutan shekara a can a juye suke. Ruwa yana sauka ne da sanyi, daga wajen watan Mayu zuwa Agusta. Daga Disamba zuwa Maris kuwa rana ke buɗewa, ƙasa ta bushe, wata iska mai ƙarfi ta riƙa bugowa daga kudu maso gabas tana busar da laimar da ke jawo wa ganye cuta. Irin yanayin da inabi ke so ke nan. Mun isa cikin Fabrairu, tsakiyar kakar yanka. Kurangar inabin a jere take sahu-sahu, an ɗaure ta a jikin waya, tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba, tana hawa gangaren dutse har inda garma ba ta iya kaiwa. Tun da asuba masu yanka ke shiga da almakashi da akwatuna, domin a kwashe nonnan kafin rana ta dafa su. Wanda ya ga wannan shimfiɗa, kore a ƙasa, dutse mai ruwan toka a sama, teku kuma tana ƙyalli daga nesa, zai gane abin da ya sa Alƙur'ani ya ambaci inabi har sau 11, a cikin ni'imomin duniya da na Aljanna.

Zangonmu na farko shi ne kwarin Constantia, kimanin kilomita 20 kudu da tsakiyar birni, a bayan babban dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur. Kamfanin ciniki na Turawan Holan shi ya kafa zango a Kef a shekarar 1652, domin jiragensa masu zuwa Indiya da tsibiran gabas su sami ruwa da kayan lambu. Shugaban zangon, Jan van Riebeeck, ya rubuta a littafinsa cewa ran 2 ga Fabrairu, 1659, aka fara matsa giya daga inabin ƙasar. A 1685 wani magajinsa, Simon van der Stel, ya yanki wannan kwari ya kafa gona, kuma giyar gonar ta yi suna har sarakunan Turai na aikowa a saya musu. Ko Napoliyon, sa'ad da Ingilishi suka tsare shi a tsibirin Sen Helena, ita ake kai masa. Wannan shi ne labarin da ake karanta wa kowane baƙo a bakin ƙofa.

Akwai wani labari da ya girme shi a kwarin, wanda sai an tambaya ake ji. A bakin shiga gonar da ake kira Klein Constantia, kusa da wani ɗan rafi, ƙarƙashin itatuwa, akwai ɗan farin ɗaki mai ƙubba. Kabarin Shehu Abdurrahman Matebe Shah ne. Can gaba kaɗan, a kan wani tudu da har yau ake kira Tudun Musulunci, akwai na Sayyid Mahmud. Bisa tarihin da Musulmin wurin suka riƙe, waɗannan bayin Allah manyan mutane ne daga gaɓar yammacin tsibirin Sumatara, a ƙasar Indunusiya ta yau, waɗanda Kamfanin ya ga in an bar su a gida ba za su bar shi ya sake ba. Sai aka sa musu sarƙa aka kawo su Kef a 1668, aka jefa su cikin dajin Constantia. Watau sun riga gonar zuwa da shekara 17. Mutanen Kef suna kiran irin waɗannan kaburbura kramat, kalmar da ta fito daga karama. Muka cire takalma, muka yi musu sallama irin wadda Sunna ta koyar, muka roƙa musu gafara. Daga bakin ƙofar ɗakin, in mutum ya juya, sahun inabin giya zai gani, bai fi taku kaɗan tsakani ba.

Ba su kaɗai aka kawo ba. Masu tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin bayi 63,000 aka shigo da su Kef daga farkon zaman Kamfanin zuwa 1808, daga Indiya, da tsibiran Indunusiya, da Madagaska, da Mozambik. Su suka sare dajin, suka tone duwatsun, suka dasa kurangar, suka tattake inabin da ƙafa. A gonaki da yawa har yanzu ana ganin ƙararrawar da ake buga musu ta fita aiki, rataye tsakanin ginshiƙai biyu, an shafe su da farar ƙasa, baƙi suna ɗaukar hoto a gindinta. Wani abin mamaki kuma, sana'ar giyar nan tana cikin abubuwan da suka buɗe wa Musulunci hanya a tsakanin bayin. Dalili na farko, wata dokar Kamfanin ta 1770 ta hana sayar da bawan da ya shiga addinin Kirista, saboda haka iyayengiji ba su so a yi wa dukiyarsu wankan shiga coci. Na biyu, mai gona da zai aika da keken shanu cike da gangunan giya zuwa birni, tafiyar kwana da kwanaki, ya fi samun natsuwa in mai korar shanun Musulmi ne, domin ya san kayan za su isa yadda aka ɗora su. Ashe amanar da addini ya dasa a zuciyar bawa, uban gida ne ya fara cin ribarta.

A nan wani abokin tafiyarmu, Alhaji ne mai fataucin kayan masarufi, ya juyo ga malamin da ke cikinmu ya ce, "Allah gafarta Malam, to, ai hadisi ya sa mai ɗaukar giya cikin waɗanda aka la'anta. Ina makomar waɗannan?" Malam ya ce haka ne, hadisin ya lissafa mutum goma, tun daga mai matsawa da wanda aka matsa wa, har mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Amma wanda aka tilasta, da bulala a bayansa, ba shi da zaɓi, Allah kuwa ba ya kama bawa da abin da aka tilasta shi. Ya ce, "Alhaji, su sun ɗauke ta a kan dole, suka kuma tsare bakinsu. Mu da muka zo da ƙafarmu, da guzuri a aljihu, wane uzuri gare mu?"

Ɗakin ɗanɗanon dai daga waje muka hango shi. Dogon tebur ne, an jera wa kowane baƙo tambulan biyar ko shida masu dogon wuya, ana zuba ɗan kaɗan a kowane, mai bayani yana faɗin shekarar da aka yanki inabin da irin ƙasar da ya fito. Baƙo zai kaɗa tambulan, ya sansana, ya kurɓa, ya kurkure baki, sa'an nan in ya so ya tofar a wani ɗan bokiti da aka ajiye domin haka. Wannan bokiti shi ne hujjar da aka fi kawo wa Musulmi. Za a ce masa, ai ba sai ka haɗiye ba. Mai karatu ya riƙe amsa biyu. Ta farko, giya najasa ce a wurin akasarin malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, kuma ayar Suratul Ma'ida ba ta tsaya ga hana sha ba, nisanta ta umurta. Ta biyu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko da shi ba ya sha. Saboda haka muka nemi a kai mana kujeru gindin itace, nesa da teburin, aka kawo mana ruwan inabi zalla mai sanyi da faranti na wani farin inabi mai ƙamshi da suke kira hanepoot, wanda zaƙinsa har maƙogwaro yake kamawa. Ba wanda ya ɓata rai. Biyu daga cikin masu masaukinmu ma sai suka baro teburin suka zo muka yi ta hira.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi. Kwalba iri biyu ake miƙa wa wanda ba ya shan giya, kamanninsu ɗaya. Ɗaya ruwan inabi ne da bai taɓa ruɓa ba, an dai sa masa iska yana kumfa. Wannan halal ne ba ja. Ɗayar kuwa giya ce cikakkiya da aka gama haɗawa, daga baya aka zare mata barasa da na'ura, kuma yawanci akan bar ɗan burbushi, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100. Malamai da yawa ba su yarda da wannan ta biyun ba, saboda asalinta giya ce. Wanda zai yi odar irin waɗannan kwalabe zuwa kasuwar gida, ya karanta abin da aka rubuta a jikinsu da kyau, kuma ya nemi shaidar halal. Wannan ba abu ne mai wuya a can ba. Duk da Musulmin Afirka ta Kudu ba su kai 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, suna da hukumomin duba abinci masu ƙarfi, kuma majalisar malamansu ta Kef Tawun tun 1945 aka kafa ta.

Kashegari muka nufi gabas, tafiyar kamar kilomita 50, zuwa Stellenbosch, garin da Van der Stel ya kafa a 1679 ya kuma raɗa masa sunansa. Gari ne na jami'a, mai fararen gidaje masu rufin ciyawa, da magudanan ruwa a gefen titi, da inuwar manyan itatuwan nan da Larabawa ke kira ballut. An ce an kawo irinsu daga Turai ne da fatan a riƙa sassaƙa gangunan giya da katakonsu, sai suka yi saurin girma a wannan ƙasa, katakon ya zama mai yoyo, aka bar su suna ba da inuwa. Nan aka fara tsara hanyar yawon giya a 1971, wadda sauran garuruwan suka kwaikwaya.

Mun yi Azahar a tsohon masallacin garin, wanda aka gina a 1897. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ba mu ga gidajen Musulmi a kewayensa ba, sai gine-ginen jami'a da wuraren ajiye motoci. Unguwa ce a dā, ana kiran ta Die Vlakte. A 1964 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana cewa ta Turawa ce, aka tashi mutum kusan 3,700, Musulmi da Kirista, aka watsa su bayan gari. Masallacin ya tsira, jama'arsa kuwa sai dai su zo daga nesa a mota. Haka aka yi wa Musulmin Constantia ma a shekarun nan, aka raba su da gonakin furanni da kayan lambu da kakanninsu suka noma, aka bar musu masallatai da maƙabarta.

Abincin rana a gidan wani daga cikin masallatan muka ci, ya ce ba zai yiwu baƙi daga Nijeriya su yi salla a garinsu su tafi da yunwa ba. Nan muka gane cewa abincin da gonakin giya ke tinƙaho da shi a matsayin na gargajiyar Kef, da yawansa daga hannun kuyangin nan ya fito, domin su ke riƙe da madafan Turawan. Aka kawo mana bobotie, watau niƙaƙƙen nama da aka haɗa da kayan yaji da 'yar tsamiya da zaƙi, aka zuba masa ƙwai da madara a kai aka gasa, ana ci da shinkafa mai kurkur da zabibi. Aka kawo bredie, dahuwar naman rago da tumatir a kan wuta kaɗan-kaɗan har naman ya saki ƙashi. Akwai kuma wani dogon kifin teku, snoek, da ake gasawa a kan garwashi. Daga ƙarshe aka kawo shayi da koesister, wani irin fanke mai kirfa da citta, an tsoma shi a ruwan sukari an barbaɗa masa kwakwa, wanda a al'adarsu da safiyar Lahadi aka fi cin sa, amma uwargidan ta ce baƙo ba ya jiran Lahadi. A gidajen abincin gonakin kuwa sai a yi hattara, domin sukan zuba giya a miya da romo, kuma naman alade yana kusa da kome. A tambaya kafin a sa hannu.

Wani abu da ya faranta wa Malam rai shi ne wata 'yar kwalba da aka ajiye mana tare da burodi, ruwan inabi ne da aka dafa har ya yi kauri kamar zuma, suna kiran sa moskonfyt. Ya tuna mana cewa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Sayyidina Umar a Sham, da ya halatta wa mutane ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya ƙone. Sai dai ya ce a tabbatar da sabon ruwa aka dafa, ba wanda ya riga ya fara tashi ba.

Franschhoek ba mu daɗe ba. Kwari ne mai kyau ƙwarai, duwatsu sun kewaye shi ta fuska uku, gidajen abinci masu tsada sun cika titinsa. Faransawa ne 'yan gudun hijirar addini, su kamar 200, suka fara isowa a 1688, Kamfanin ya ba su gonaki. Wannan Kamfani kuwa shi ne ya hana Musulmi bayyana addininsu, har sai 1804 aka ba da 'yancin ibada.

Paarl ta fi riƙe mu. A hanyar shigarta daga Franschhoek, tsakiyar gonakin inabi, akwai gidan yarin da Nelson Mandela ya yi watanni 14 na ƙarshen ɗaurinsa, ta ƙofarsa kuma ya fito ran 11 ga Fabrairu, 1990. A kan dutsen garin akwai hasumiyar da aka gina a 1975 domin girmama harshen Afirkans. Mai karatun da ya saba da ajami zai so ya ji cewa waɗansu daga cikin rubuce-rubucen farko na wannan harshe da baƙaƙen Larabci aka yi su, a makarantun allon Musulmin Kef. Littafin fiƙihu na Abubakar Effendi, malamin da Sarkin Musulmin Santambul ya aiko musu, da irin wannan ajami aka buga shi a Santambul a 1877.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai a wannan yanki shi ne 'yan gidajen leburori da ke bayan kowace gona, inda motar baƙi ba ta bi. An soke bauta a 1834, aka saki bayin sosai a 1838, sai masu gona suka riƙe wata dabara da suke kira dop: a biya lebura wani sashi na ladansa da giya, a ba shi gwangwani da safe, da rana, da yamma. Mutumin da aka saba wa haka ba ya barin gonar, ɗansa ma a nan zai tashi. An hana abin a doka tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a waɗansu gonaki har cikin shekarun 1990, kuma sai da dokar giya ta 2003 ta sāke haramta shi. Ɗaurin ya kwance, tabon bai tafi ba. Binciken likitoci a garuruwan wannan yanki ya nuna cewa yawan yaran da ake haifa da lahani a ƙwaƙwalwa da jiki, saboda uwa ta sha giya da ciki, yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Ayar Suratul Baƙara ta yarda cewa akwai amfani ga mutane a cikin giya, ta ce zunubin ya rinjaye shi. Amfanin mun gan shi a ƙofar gaba, a gine-gine da kuɗin baƙi. A 2012 kuwa, a kwarin Hex da ke can gaba, inda ake noman inabin ci irin wanda muke gani cikin 'yan robobi a kantuna, leburori suka yi yajin aiki saboda ladan yini rand 69 ne, aka ƙara shi zuwa 105 a 2013.

Da La'asar sakaliya muka juyo, muka bi kogin Eerste, wanda ya ratsa Stellenbosch ya shayar da gonakinta, har kusa da inda ya faɗa teku. Nan a kan wani tudun rairayi kabarin Shehu Yusuf yake. An haife shi a 1626 a ƙasar Makasar, ya yi karatu a Makka da Madina, ya zama shehin ɗariƙar Halwatiyya, ya kuma yaƙi Turawan Holan a Bantan da ke tsibirin Jawa har suka kama shi a 1683. Suka fara kai shi Silon, watau Siri Lanka ta yau, da suka ga alhazai na biyawa ta wurinsa suna ɗaukar saƙo, sai suka ƙara nisanta shi. Ya iso Kef a 1694 da mutum 49, iyali da almajirai, aka ajiye shi a wata gona mai suna Zandvliet, nesa da birni, domin kada ya haɗu da bayi. Bayin suka riƙa sulalewa suna zuwa wurinsa. Shekara biyar kawai ya yi ya rasu, a 1699, kuma unguwar har yau Macassar ake kiran ta saboda shi. Kowace shekara, lokacin hutun Ista, Musulmin Kef sukan zo da iyalansu su kafa tantuna a bakin kogin, su kwana uku ko huɗu suna karatu da zikiri da dafe-dafe. Mu da muka zo a Fabrairu mun tarar da wurin shiru, sai wani dattijo da jikokinsa biyu suna cika goruna a famfon alwala. Da rana ta faɗi ya yi kiran salla, muka bi shi Magariba.